Afiniki Ba Ta Ɗora wa Kai Kaya

Duk wanda ya saba bi ta tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan a shekarun da jirgi yake jirgi, ya san Afiniki ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai sayar da doya, wadda ba ta taɓa amfani da gammo ba. Matan tasha kaf a ka suke ɗaukar kaya, da masu ayaba da masu gyaɗa da masu dafaffen ƙwai. Ita kuwa masakinta a kafaɗar hagu yake zama, can kusa da wuya, hannun hagu a sama yana riƙe da bakinsa, ta ɗan sunkuya tana tafe kamar mai neman kwabon da ya faɗi. Kada sunkuyon nan ya ruɗe ka. Ba a yi macen da ta fi ta taurin kai a garin ba.

'Yar Gbagyi ce, waɗanda Bahaushe ke kira Gwari, daga wani ƙauye a bayan Kasuwan Magani. A wurin mutanenta kai sarkin jiki ne. Shi ke tunani, shi ke ɗauke da ido da kunne, saboda haka ba a mayar da shi jaki. Kaya na kafaɗa ne. Haka uwarta ta ɗauka, haka kakarta, ita ma tun ba ta kai tsawon turmi ba aka ɗora mata ƙaramar ƙwarya a wurin. Aure ne ya kawo ta Kafanchan, gidan Bartholomew, mutumin Kagoro mai aikin haɗa taragu a reluwe, mai sanyin hali kamar ruwan randa. Tun tana amarya dangin miji suka taso ta a gaba. Gammo uku suka naɗa mata a lokuta daban-daban, kowanne ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, ta kai ɗaki ta girke tukunya a kai.

"Kan ku naku ne," in ji ta da Hausarta ta kasuwa, "in kun so ku ɗora mishi dutsen Kagoro. Nawa dai Allah ya ba ni don tunani."

Da suka ga ba riba, suka ƙyale ta. Ta haifi Lucy da ƙannenta uku, ta ciyar da su da kafaɗar nan, shekara goma sha biyar tana kai da kawowa tsakanin kasuwa da tasha. Jirgin Fatakwal ya zo ta tarbe shi, na Jos ya zo ta tarbe shi, ba wanda ya taɓa jin ta ce wash.

Cikin daminar 1988 hannun hagu ya fara yi mata gardama. Da fari abin bai taka kara ya karya ba: in ta yi nisa da kaya sai ta ji kamar tururuwa na yawo a yatsunta. Daga baya sai sanyi ya shigo, irin sanyin da ba ruwansa da rana. Tafin hannun ya yi fari kamar an shafa masa toka, yatsun su sage, ta rasa ko tana riƙe da masakin ko ba ta riƙe. In ta sauke kayan ta saki hannun ƙasa, can sai jini ya dawo da raɗaɗi kamar an zuba barkono. Ta lura ba kaya kaɗai ke tayar da shi ba. In tana shanya a igiya, ko ta ɗaga hannu sama wajen waƙa a coci, nan ma sai ya mutu. Wata shida ta yi ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta hannu bawa ne, ba a kai ƙarar bawa.

Asirin ya tonu ranar wata Asabar. Ikilisiyarsu na gina sabuwar majami'a, aka raba aiki, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan cocin, aka ba su ɗebo yashi daga rafi kowace Asabar. Afiniki ta yi sawu ɗaya, ta yi na biyu. A na uku, daidai ƙofar ginin, hannun ya buɗe da kansa ba tare da ya yi shawara da ita ba. Masakin ya zame ta bayanta ya fashe gida biyu, yashi ya watse. Ta zauna a ƙasa ta rungume hannun, mata suka kewaye ta ana ta sannu. Ranar dai an tausaya mata.

Litinin ta tafi ƙaramin asibitin unguwarsu. Mai duba marasa lafiya a can Malam Obadiah ne, malamin asibiti mai shekara ashirin a bakin aiki, kuma dattijo a cocinsu. Ba zan ce mugu ba ne, don ya ceci yara da yawa daga ƙyanda da gudawa. Amma mutum ne da ya yarda da agogonsa fiye da bakin mutane, in dai agogo bai faɗa ba, to ba a yi ba. Kuma yana da doka wadda ko fasto bai isa ya karya ba: ba a shigo masa da kayan talla. Duk mai kaya ta ajiye a gindin mangwaron bakin ƙofa wurin maigadi, ta shigo hannu rabbana.

Afiniki ta ajiye doyarta a gindin mangwaro. Ta yanki kati, ta zauna a benci awa biyu cur, hannu a cinya yana hutawa. Da layi ya zo kanta, Malam Obadiah ya ce ta ɗora hannun a tebur, ya dafa tsintsiyar hannun da yatsu biyu daga inda yake zaune, ya zuba wa agogonsa ido. Jini na bugawa tas-tas, hannu da ɗumi kamar na jariri.

"Maman Lucy, jininki kamar na soja," ya ce. "Ɗan sanyin ƙashi ne. Ga man zafi, ki riƙa shafawa."

Ta shafa man zafi har fatar ta saɓule. Ta koma. Aka sake mangwaro, aka sake benci, aka sake tebur da agogo. Sau biyar ta je cikin shekara guda, sau biyar hannun ya kunyata ta. Ta yi bayani iya Hausarta, ta ce ciwon sai da kaya yake zuwa, sai in hannu na sama. Malam Obadiah ya gyaɗa kai yana rubutu, irin gyaɗa kan da ake yi wa yaro mai ba da labarin aljanu. Ina dalili, mutum na faɗa maka inda ɗakinsa ke yoyo, kai kana duba littafi ka ga ko an yi ruwa!

Abin da ya fi ciwo shi ne maganar da ya yi bayan an tashi daga sujada a coci wata Lahadi. Ya ja Bartholomew gefe, amma ba gefen da kunnuwa ba su kaiwa ba, ya ce masa, "Ɗan'uwa, matarka lafiyarta lau. Na auna ta sau biyar. Akwai irin ciwon da ba ya tashi sai ranar aikin Ubangiji. Ka yi mata faɗa cikin ƙauna." Kafin a gama gaisawa a watse, maganar ta zaga coci ta dawo. Mako bai cika ba matan Zumunta suka raɗa mata suna Mai Hannun Asabar. In ta wuce sai wata ta ce wa wata, "Yau Juma'a, bari mu gaishe da hannun tun yana da rai."

Afiniki ta ji zafin wannan fiye da raɗaɗin yatsun. Macen da ta yi shekara goma sha biyar tana ɗaukar abin da namiji zai yi nishi a ƙarƙashinsa, yau ita ake kira raguwa, kuma a gidan Allah. Ta yi kuka sau ɗaya a bayan ɗaki, ta share ido da bakin zane, daga nan ba ta ƙara ba. Asabar na zuwa ta sayi sabon masaki ta tafi rafi. Hannun ya mutu, ta cije, ta tallafa da na dama, ta kai yashinta. A nan ni kaina ba na yaba mata. Don ta rufe bakin mutane ta riƙa yi wa kanta illa, alhali bakin mutane ba shi da marfi.

Bartholomew ya rasa inda zai sa kansa. Ya ga matarsa na ramewa, ga kuma dattijon coci ya yi magana. Wata rana da safe tana daura zane za ta kasuwa ya ce, "Maman Lucy, ko za ki gwada a ka? Kwana biyu kawai, mu gani."

"Baban Lucy, kai ma?"

"Ni ban ce kina ƙarya ba."

"Amma ba ka ce ina gaskiya ba." Ta ɗauki masakinta ta fita, ta bar shi da kofin shayi a hannu.

Wadda ta yarda da ita tun farko Kubra ce, mai suyar doya a bakin tasha, 'yar tsofaffin gidajen kasuwar garin. Shekara goma Afiniki na kawo mata doya kowace safiya, kuma Kubra ce ke kama mata ta sauke. Ko lokacin da gari ya rikice a 1987, da mutane suka daina kallon juna ido da ido, cinikinsu kwana huɗu kawai ya tsaya. Kullum in Kubra ta kama bakin masakin sai hannunta ya taɓa na Afiniki, ta ji shi sanyi ƙalau kamar kifin ƙanƙara. Wata safiya a farkon 1990 ta riƙe hannun ta ƙi saki, ta juya shi ga haske. Kan ƙaramin yatsan ya yi baƙi, baƙin da ba na datti ba, ga wani ɗan gyambo a gefen farce.

"Innalillahi! Maman Lucy, tun yaushe?"

"Sati uku. Ba ya barin ni barci."

"Wallahi irin wannan na gani a ƙafar kawuna kafin a yanke ta. Ke, hannunki za ki rasa kina tsaye kina musu da matan coci!"

Maganar ta shigi Afiniki, don ita ma abin da take tsoro ke nan ba ta furta ba. Hannun nan shi ne gonarta, shi ne kantinta. In ya tafi, yara huɗu za su koma kan albashin reluwe da ba ya zuwa kan lokaci.

"Na je wurin Malam sau biyar," ta ce. "Kullum ya ce hannu lafiya."

Kubra ta ja tsaki ta juya doyar da ke kasko. "Yo ta ina zai sani? Ni da nake sauke ki kullum ni na san hannun. Shi ya taɓa sauke ki?"

Ba da wata manufa Kubra ta faɗa ba, haushi ne kawai. Amma Afiniki ta tsaya cak. Kan nan da ta yi shekara da shekaru tana keɓe wa tunani, ranar ya biya ta ladansa. Ashe ciwon a gindin mangwaro take ajiye shi tare da doya, ta shiga ta zauna a benci ya gama warkewa, sannan ta miƙa wa Malam lafiyayyen hannu. To, in ciwo ba ya shiga asibiti da ƙafarsa, sai a ɗauke shi a kai shi.

Alhamis ɗin farko ta kowane wata, wani likita daga babban asibitin gari yakan zo ƙaramin asibitin ya duba waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin malamin asibiti. Sunansa Dokta Jamiluddeen. Malam Obadiah ne ke zaɓen waɗanda za su gan shi, kuma sau biyu Afiniki ta roƙa ya ce mata likita ba shi da lokacin wasa. Wannan karon ba ta roƙi kowa ba. Ta je kasuwa da sassafe ta zaɓi manyan doya goma sha biyu, aka ɗora mata, ta bi doguwar hanya ta bayan layin dogo don hannun ya mutu sosai. Kafin ta iso ba ta jin komai daga gwiwar hannu zuwa yatsu.

Maigadi ya taso da sandarsa. "Madam, kaya a nan!"

"Yau kaya ma ba shi da lafiya," ta ce, ta wuce shi.

Ta ratsa tsakiyar benci, masu jira suna janye ƙafafu, mata masu goyo suna leƙe. Malam Obadiah ya fito daga ɗakin likita da katuna a hannu, ya yi turus.

"Maman Lucy! Nan kasuwa ce? Fita ki ajiye kayan nan!"

"Ba na ajiye."

"Kin san doka."

"Na sani, Malam. Sau biyar na bi dokar ka, sau biyar ka ce ni maƙaryaci. Yau ba na sauke kayan nan sai likita ya taɓa hannun nan. In kuna so ku kira 'yan sanda, su ma su zo su taɓa."

Muryarta ta cika wurin, ga gumi na zuba. Labulen ɗakin ya motsa, wani siririn mutum mai tabarau ya leƙo. Ya dubi matar, ya dubi masakin, sannan idonsa ya tsaya a kan hannun da ke riƙe da bakinsa.

"Malam Obadiah, bar ta ta shigo. Mama, shigo da kayanki. Kada ki sauke."

Sai da ta karkata kafin masakin ya shige ƙofa. Dokta Jamiluddeen ya zagayo ta hagunta, ya miƙa hannu sama ya kama tsintsiyar hannunta a inda take. Ya laluba nan, ya laluba can, ya matsa, ya jira. Ya taɓa na dama, ya koma na hagu. Fuskarsa ta canza.

"Malam, zo ka taɓa."

Malam Obadiah ya matso ba da son ransa ba. Ya ɗora yatsunsa biyu da suka yi shekara ashirin suna wannan aiki, ya duba agogo kamar yadda ya saba. Agogo na tafiya, amma babu abin ƙirgawa. Hannun sanyi kamar na gawa, babu bugu ko ɗaya. Ya gyara yatsu, ya sake gyarawa.

"Yanzu mu sauke ta," in ji likita.

Su biyu suka kama masakin suka dire, har likita ya yi nishi ya ce, "Mama, wannan kike ɗauka kullum?" Aka zaunar da ita, hannu a cinya, likita na riƙe da shi. Ba a jima ba bugun ya fara dawowa, a hankali kamar mai jin kunya, sannan ya kankama. Afiniki ta cije leɓe saboda raɗaɗi, tafin hannun ya tashi daga fari ya koma ja.

Daga nan likita ya shiga aikinsa, yana yi yana faɗa wa Malam Obadiah abin da yake nema. Ya ɗaga mata hannun zuwa daidai kafaɗa ya ja shi baya, ya ce ta juya fuska ta ja numfashi ta riƙe: bugun ya ɓace. Ya sauke, ya dawo. Ya sa ta ɗaga hannu biyu kamar wadda aka ce ta sallama, tana dunƙulewa tana buɗewa. Na dama ya yi ta yi, na hagu ko minti ɗaya bai kai ba ya faɗo. Ya auna jininta a hannun dama, ya auna a na hagu, ya ga na hagu ya gaza sosai. Sannan ya sa abin sauraren ƙirji a ɗan kwarmin da ke saman ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, ya saurara, ya miƙa wa Malam Obadiah ya ce ya ji. Wani huci ne ke fita a wurin tare da kowane bugu, kamar zugazugin maƙeri. Da ya danna wurin da yatsa sai ya ji wani abu mai tauri da bai kamata a ce yana nan ba.

Ya daɗe yana duban baƙin yatsan. Sannan ya ce, "Mama, ɓacewar bugu kaɗai ba ta isa hujja ba, akwai masu lafiya da nasu ke raguwa in an ɗaga hannu. Amma ga sanyi, ga awon jini ya bambanta, ga hucin nan, ga yatsa. Jijiyar da ke kai jini hannunki ta nan take wucewa, tsakanin wuya da kafaɗa, kuma hanyar matsattsiya ce. Ina zaton akwai abin da ke danne ta, kamar a taka mesar ruwa. In kin ɗaga hannu ko kin ɗora kaya, sai a ƙara takawa. Gobe ki same ni a babban asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Daga yau kuma ko tsinke kada ki ɗora a kafaɗar nan."

Afiniki ba ta tambayi ko za ta warke ba. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Likita, wato ba ƙarya nake ba?"

"Ƙarya? Wa ya ce ƙarya kike?"

Ba ta ko dubi inda Malam Obadiah yake ba. Shi kuwa ya duƙufa yana jera katunan da tun ɗazu a jere suke.

Hoton ƙashi ya nuna abin ƙarara. Afiniki tana da ƙarin ƙashin haƙarƙari guda a gindin wuya ta hagu, wanda aka haife ta da shi, ɗan guntu kamar yatsa. Shekara arba'in yana zaune a ƙarƙashin jijiyar, kaya na danna ta daga sama, shi yana tokare ta daga ƙasa, har ta gurje ta fara sakin ƙananan gudajin jini suna gangarawa su toshe yatsu. Likita ya rubuta mata takarda zuwa Jos, ya ce kada a wuce mako. Bartholomew ya riƙe hoton ya ɗaga shi ga taga ya yi ta kallo, hawaye na bin kuncinsa. A cikin jirgin Jos ya ce mata, "Maman Lucy, ki gafarta mini." Ta ce, "Riƙe mini jaka, hannuna ciwo." A wurin Afiniki wannan gafara ce.

Labari ya riga su komawa coci. Matan da suka raɗa mata suna su ne suka fara cewa ai dama sun ga alama. Wani tsoho ya ce Allah ya cire haƙarƙari daga Adamu ya yi mace, da ya zo kan Afiniki sai ya yi mata gyara, shi ya sa ba namijin da ke iya mata. Aka yi dariya, aka kuma yi addu'a, matan Zumunta suka haɗa garin masara da manja suka kai wa yaran. Mutane ke nan, da bakin da suka sare ka da shi za su yi maka sannu.

A Jos aka yi mata tiyata aka cire ƙashin, aka gyara jijiyar. Hannun ya tsira. Ƙaramin yatsan ne bai tsira duka ba, gaɓarsa ta sama ta riga ta mutu, dole aka yanke. Likitan da ya yi aikin ya ce da an zo da wata shida baya da ba a taɓa shi ba. Afiniki ta ji wannan ta adana. Da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara nema ƙashinta ne. Sista mai jinyarta ta ce ba a bayarwa. Afiniki ta ce da shi ta zo duniya, ba na gwamnati ba ne, kuma ba ta barin gadon sai da shi. Kwana biyu ana wannan ja-in-ja, a na uku aka kawo mata shi a cikin 'yar kwalba.

Likitoci sun ce ita da kayan kafaɗa har abada. Dangin miji suka ce to madalla, yanzu dai sai ka, har wata gwaggo ta naɗo gammo na huɗu. Afiniki ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, tukunyar miya ta samu wurin zama. Bartholomew, wanda ya fara sanin matarsa bayan shekara goma sha bakwai, ya je wurin mai walda a bakin kasuwa aka haɗa mata ɗan baro mara nauyi. Da shi ta ci gaba da kai wa Kubra doya, a miƙe sambal, sai a lokacin mutanen tasha suka san iya tsawonta.

Ranar Litinin ta farko da ta samu ƙarfi, ta tura baronta zuwa ƙaramin asibiti. Ta ajiye shi a gindin mangwaro da kanta, ta gaishe da maigadi, ta yanki kati, ta zauna a benci ta bi layi kamar kowa. Da aka kira ta ta shiga, Malam Obadiah ya ɗago ya gan ta, alƙalamin hannunsa ya tsaya.

"Maman Lucy. Sannu da jiki. Me ke damun ki yau?"

"Ba komai, Malam. Saƙo na kawo maka."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar, ta ɗora a tebur da hannun hagu, daidai wurin da ta ɗora hannun nan sau biyar. Ba ta janye hannun da wuri ba. Ta bar shi a nan, yatsu huɗu da guntu, ya kalla da kyau.

"Ga ragwancin nawa, an cire. Ka ajiye a nan kusa da agogo. Duk matar da ta zo ta ce maka hannu yana mutuwa, kafin ka je ka gaya wa mijinta, ka duba wannan."

Malam Obadiah ya dubi kwalbar, ya dubi guntun yatsan. Can ya ce, "Na yi kuskure, Maman Lucy. Yatsan nan a wuyana yake."

"A wuyanka yake," ta ce. Ba ta sassauta masa ba, don ba ta ga dalili ba.

Sannan ta miƙe tsaye ta ɗaga hannun hagu sama, can sama yadda ta yi shekara biyu ba ta iya ba, ta tsaya haka tana kallon sa. Ba ta ce masa ya taso ba. Da kansa ya ture kujera ya zagayo teburin, ya yi ɗage, don ta fi shi tsawo, ya kama tsintsiyar hannun a inda take. Hannun da ɗumi, jini na bugawa tas-tas. Ya daɗe yana riƙe da shi, bai ko duba agogo ba.